Dutsen da Masu Shi

Yaron da ya tashi a cikin birnin Kano duwatsu biyu ya sani, Dala da Gwauron Dutse. Dukansu jar marmara ce, kansu a baje, kana iya hawa ka sauko ba ka yi haki ba. Shi ya sa wanda aka fara kaiwa kudancin Kano yakan manne da tagar mota da zarar an wuce Bunkure. Ƙasar da ya saba gani a shimfiɗe sai ta fara kumbura. Baƙaƙen duwatsu masu santsi su ɓullo daga tsakiyar gonakin dawa, wani shi kaɗai, wani an ɗora masa ɗan'uwansa a ka kamar mai tallar tukwane ta jera kayanta, har ka rantse hadarin farko zai ture shi. Hadari nawa aka yi, yana nan daram.

Mahaifiyata 'yar can ce, daga wani ƙauye tsakanin Rano da Kibiya, don haka daga ƙarshen shekarun 1970 zuwa farkon na 1980 can ake tura mu dogon hutu. Hutun yakan faɗo a tsakiyar damina. A bi titin Zariya, a Karfi a karya kwana, kuma babu direban da ya isa ya wuce Karfi bai tsaya an sayi masara ba, sai dai in yana so fasinja su cinye shi da mita. Daga Rano kuma sai a-kori-kura, ita ma ranar kasuwa kaɗai ake samu. In an rasa ta, Kawu ya zo da keke, kaya a kariya, yaro a gaba.

Kakata tana jin sallamarmu za ta fito tana tafa hannu. "Lale da maigidan! Wata nawa ka bar ni ba cefane, yanzun ma hannu rabbana ka zo?" Ni kuma in ce ai na sake ta tun bara, na yi amarya a birni. Sai ta dama fura da nonon Fulanin da suka yi mashekari a bayan gari, ta zauna tana kallona ina sha. Kafin in ajiye ludayi ta fara karanto mini dokokin dutse, duk da na haddace su. Ba a hawa da tsakar rana. Ba a fito a kai. Kurmin nan da ke tsakanin manyan duwatsun biyu kuwa ba a nuna shi da yatsa, ba a karyo ko asuwaki a cikinsa. In na ce don me, amsar ɗaya ce: "Dutsen da masu shi." Matar nan ba ta wasa da salla, ko gona za ta carbinta na wuyanta, amma ba ta taɓa ganin wani karo tsakanin wannan da wancan ba. Aljanu dai Alƙur'ani ya ambace su, maƙwabci kuma ba a shiga gonarsa.

Kawu ne ya fara hawa da ni, da hantsi, bayan an kwana ana ruwa. A gindin dutsen ya dubi ƙafata ya ce, "Cire takalmin nan, ɗan birni, dutse ba ya son roba." Da gaskiyarsa. Tafin ƙafa yana kama falalen dutse, takalmi kuwa zamewa yake, musamman inda ruwa ya bi ya bar baƙin layi mai gansakuka. Ana hawa ne a karkace, ba a miƙe ba, ana bin tsagar da ciyawa ta fito. A can sama akwai kwarmi-kwarmi da ruwan sama ya cika, sanyi ƙarara, talibambam na yawo a ciki. Wasu ramukan kuwa ba na ruwa ba ne. Dogaye ne, sumul, a jere, hannu na shiga daidai. Kawu ya ce nan mata suke niƙa. Na ce waɗanne mata, a kan dutse? Sai ya tona ƙasar da ta taru a wata tsaga da yatsan ƙafarsa, ga tsingaro nan birjik, wani da zanen igiya a bakinsa. Ya nuna mini duwatsun da aka jera aka toshe wani lungu da su, tsayinsu bai wuce ƙugu ba yanzu.

A nan na fara jin sunan Ningawa. A ƙarni na 19 mayaƙan Ningi sun addabi kudancin Kano da hari, su kwashi mutane da dabbobi su koma duwatsunsu, kuma Sarkin Kano Abdullahi Maje Karofi, wanda ya hau gado a 1855, ya sha fita yaƙi da su. Garuruwan wannan yanki duk sai da suka yi ganuwa. Ƙananan ƙauyuka da ba su da ƙarfin gina ta, dutse ne ganuwarsu. Kawu ya ce kakarsa ta ba shi labarin yadda ake kwana a kogo da awaki, a toshe wa jariri baki da nono kada ya yi kuka. Ya faɗe shi ne yana tsinkar tsada yana watsawa a baki. Babu wanda ke hawa dutsen nan don kallo, in ban da ni. Mata na hawa shanyar barkono da kuɓewa a kan fa, samari na hawa cirar zuma, masu magani na hawa saƙar sassaƙe, a da kuma ana hawa gudun rai.

Namun dutse kuwa sai ka natsu kake ganinsu. Rema takan fito shan hantsi a bakin kogo, biyar ko shida a jere, da ka motsa su ɓace. Kazar dutse na bin inuwa da 'ya'yanta, jelarta a ɗage. Akwai damo da guza, akwai beguwa da ba a ganinta sai dai a tsinci ƙayarta, akwai mesa da kowa ya san kogonta ana kauce masa. Masu gari dai su ne jan biri. Da masara ta fara gemu aikin yara ya samu: a kafa rumfa a bakin gona, a riƙe majajjawa da gwangwani, tun asuba har rana ta faɗi. Birai suna da nasu mai gadin, wani ƙato da ke zama a kan dutse yana kallonmu muna kallonsa. Ranar da aka kawo mana ɗumame muka haɗa kai a kan akushi, kafin mu ɗago sun karya layi guda sun haye. Kawu bai yi faɗa ba. Cewa ya yi su ma zakkarsu suka karɓa, amma gobe in aka sake, a jikinmu zai fanshe.

Da dare kuma kura. Kukanta yakan taso daga gindin dutse, ya yi ƙasa ya yi sama, karnukan gari su ruɗe, awaki su takure a jikin danga. Kaka ba ta kiran sunanta in rana ta faɗi, sai dai ta ce mai dare ta fito, kowa ya yi fitsarinsa tun yanzu.

Kurmin da aka hana mu nunawa na shige shi ne a bayan Kawu, wata rana da akuyarsa ta ɓata. Wuri ne da bai fi filin ƙwallo ba, amma da ka sa ƙafa za ka ji iskar ta canja. Wata tsamiya ce a tsakiya, mutum uku ba sa zagaye ta da hannu, ga kanya, ga ɗinya, ga baure ya naɗe jikin dutse da saiwoyinsa. Rana ba ta isa ƙasa. Busasshen itace na nan zube, wanda a wani wurin da tuni mata sun kwashe. A gindin tsamiyar akwai tulu da aka binne rabinsa, an kife shi da kasko, da gashin jan zakara a manne a jikin wani dutse, da ƙyallen farin saƙi ɗaure a reshe. Kawu ya yi sallama da ƙarfi, ya yi bisimilla, ya kamo akuyarsa muka fito. Ko tsamiya ɗaya bai bari na tsinka ba, ga ta nan a nune har ƙasa.

Mai kula da wurin wani tsoho ne daga gidan Maguzawa da ke bayan dutsen. Baba muke ce masa, kowa ma haka yake ce masa. Yakan shiga kurmin da faɗuwar damina, ya sake shiga bayan an kai amfanin gona gida. Shi da Kawu abokan wasa ne. "Baba, yaushe za ka zo mu yi maka wankan shiga Musulunci?" Shi kuma ya ce, "Ranar da ka iya noma kamar matata." In za su yanka akuya a gidansu, sai su aiko a kira Kawu ya yanka, don maƙwabta Musulmi su iya ci. In azumi ya zo, matan gidan ne ke aiko wa Kaka da gero. Da kaka, in 'yan farauta suka taso daga garuruwa da karnuka da gora da ganguna, suna kewaye duwatsun kaf, amma dabbar da ta shige kurmin nan ta sha. Na ga gada ta faɗa ciki, karnuka na haushi a baki, ƙarti majiya ƙarfi masu layu har gwiwar hannu suka tsaya cirko-cirko, sannan suka juya.

Sai da na girma na karanta tarihin sarakunan Kano, wanda Palmer ya fassara zuwa Turanci a 1908, na gane abin da na gani a gindin tsamiyar nan tsohon zance ne a ƙasar Kano. Birnin kansa da haka ya fara: Barbushe a kan Dala, da Tsumburbura, da itaciyar da aka kewaye da katanga ba mai shiga sai shi. Sarki Yaji, wanda aka ƙiyasta mulkinsa daga 1349 zuwa 1385, shi ne ya kori Sarkin Rano daga Zamnagaba, a zamaninsa Wangarawa suka zo da Musulunci, kuma da su ya ci Santolo, wani dutsen da ke kudu da birni inda masu tsafi suka yi ƙarfi. Amma abin bai mutu a nan ba. Har zamanin Alwali, sarkin Haɓe na ƙarshe, fadar Kano na da wani abin tsafi, Dirki, da ake yi wa yanka. Shi Alwalin ma da jihadi ya kore shi, kudu ya ƙare, aka kashe shi a Burumburum a 1807, garin da daga Kibiya ba wata tafiya ce mai nisa ba. Wato abin da birni ya yi ta kokawa da shi shekaru ɗaruruwa, a bayan duwatsun Rano ya samu wurin fakewa har ya kai zamaninmu.

Rano kanta ba ƙaramin gari ba ne a tarihi. Tana cikin Hausa Bakwai, sarkinta shi ake yi wa kirari da Autan Bawo, kuma a rabon aikin da labarin Bayajida ya yi wa 'ya'yan Bawo, Kano da Rano su ne sarakunan baba. Na tarar da sauran karofi a yankin, mafi yawa sun cike da shara, ɗaya ko biyu da wani tsoho a bakinsu, hannunsa shuɗi har gwiwa. Yau in ka ce wa yaro Rano, gidan mai zai fara tunawa, ko jirgin sama. Ba laifi, shi ma suna ne.

Tiga kuwa da motar makaranta aka kai mu. Gwamna Audu Bako ne ya gina madatsar a kan Kogin Kano tsakanin 1971 da 1974, ruwan ya mamaye kusan murabba'in kilomita 178, kuma daga nan ake sako shi ta babbar hanyar ruwa, ya bi ta Ruwan Kanya, ya shayar da shinkafa da alkama da tumatirin Kadawa da Kura. Mu da ba mu taɓa ganin ruwan da ya fi kududdufin unguwa ba, muka tsaya a kusa da otal ɗin Rock Castle muna neman ɗaya gaɓar. Kawunan matattun itatuwa na leƙowa daga cikin ruwan. Wani masunci ya nuna mana wani wuri da bakin filafilinsa ya ce garinsu na ƙarƙashin nan, da masallacinsa da maƙabartarsa. Malaminmu ya yi sauri ya mai da mu kan darasin noman rani.

Dajin Falgore ban shige shi da sunan ziyara ba, ratsa shi na yi, a gaban babbar mota, ranar da mahaifina ya ɗauke ni zuwa Jos saro kaya. Turawa ne suka keɓe shi a 1949 da sunan gandun dajin Kogin Kano, daga baya a shekarun 1960 aka mai da shi gandun namun daji. Faɗinsa ya kusa murabba'in kilomita 1,000, ya taɓa Tudun Wada da Doguwa da Sumaila, kuma daga cikinsa ana hango duwatsun Riruwai inda ake haƙar kuza. Direba ya rage gudu saboda garken gwaggon biri da suka zauna a tsakiyar kwalta, uwa da ɗa a maƙale a cikinta, babban namijin ko gezau. Yaron mota ya rantse ya taɓa ganin ɓauna da gwanki a mashaya. Ni dai abin da na gani bayan biran shi ne gadu uku sun tsallaka titi da jela a tsaye, da burtu biyu na takawa a cikin ƙonanniyar ciyawa. A bakin dajin akwai shinge da ma'aikata masu kaki, suna leƙa bayan mota ko an ɗauko nama ko itace.

Su ma ana tsoronsu a lokacin. A ƙauyen Kaka, in aka ce malamin daji ya shigo gari, wanda ya sare ɗorawa ko kaɗanya ba da takarda ba sai ya nemi hanyar bayan gida, don maganar tana iya kaiwa gaban alƙali. Ashe tsoro biyu ne ke riƙe da itatuwan yankin da abin da ke cikinsu, na masu dutse da na malamin daji, kuma kusan tare suka tafi.

Baba na bayan dutse ya rasu. 'Ya'yansa wasu suka musulunta, wasu suka shiga coci, babu wanda ya gaji tulun. Wa'azi ya yi ƙarfi a ƙauyuka, wasu samari suka ɗauki gatari suka shiga kurmin don su nuna wa jama'a babu abin da zai faru. Babu kuwa abin da ya faru. Da mutane suka ga haka, wanda bai taɓa zuwa wa'azin ba ma ya wasa gatarinsa. Ga farin 1983 da 1984 ya bar mutane hannu wofi, itace kuma kuɗi ne a hannu. Ga birni na ta buɗe baki: ƙidayar 2006 ta ba Jihar Kano mutum miliyan 9.4, gidajen burodi da masu tuwo-tuwo da masu shayi duk wuta suke so. Motocin itace suka fara shigowa, bayansu masu gawayi, bayansu masu nakiya da injin fasa dutse. Malamin daji kuma aka bar shi ba babur, ba mai, wani lokacin ba albashi a kan kari.

Ba na kukan tulun, kada a fahimce ni a karkace. Ni Musulmi ne, kuma Kaka ma da ta ce dutsen da masu shi ba ta taɓa kai ko ƙwai gindin tsamiyar ba. Abin da ke ci mini rai shi ne, da aka tuge wancan tsoron ba a dasa komai a gurbinsa ba, alhali muna da abin dasawa a cikin littattafanmu. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya keɓe Naƙi'u kusa da Madina, Sayyidina Umar ya keɓe Rabaza, malaman fiƙihu suna da babi guda a kan irin wannan keɓewa, kuma Abdullahi ɗan Fodiyo ya yi rubutu a kan hukuncin ƙasar da ba ta da mai ita da hurumin gari da na rijiya. Hausawa ma sun san hurumi, sun san burtali da makiyaya. Da limamin gari da dagaci sun tashi ranar Juma'a sun ce kurmin nan hurumi ne, wanda ya sare reshe zai gamu da hukuma, da samarin sun yi wa'azinsu, tsamiyar kuma tana nan. Sai aka ɗauka cewa duk wanda ya ce a bar itaciya, tsafi yake karewa. Dattawan da suka san amfanin wurin suka ja bakinsu, don ba wanda ke so a kira shi da wannan suna a tsufansa.

Falgore ma ta ga nata. Wajen 2015 sunan dajin ya koma na ɓarayin shanu da masu tare hanya, direbobin Jos suka daina ratsa shi da dare, har sai da sojoji suka shiga suka mai da wani sashensa filin atisaye a 2017. Sarautar Rano kuwa ta sha juyi: a 2019 aka ba Alhaji Tafida Abubakar Ila sandar sarki mai daraja ta ɗaya, ya rasu a 2020, a 2024 aka soke dokar da ta kafa masarautar, sannan aka dawo da ita a daraja ta biyu da ƙananan hukumomin Rano da Kibiya da Bunkure. An yi ta muhawara a rediyo a kan sanda da iyaka da wa ke sama da wa. Ina ta kasa kunne ko wani zai ce ga wanda duwatsun ke hannunsa, da wanda ke ba da izinin fasa su.

Da na je gaisuwar rasuwar Kawu, hanya ta yi kyau, babura sun maye gurbin a-kori-kura, kowane saurayi da waya a hannu. Gefen dutsen da muke hawa an ɓare shi, ya yi fari tas, tifa na jiran lodi a gindinsa, mata da yara na zaune da guduma suna farfasa tsakuwa ana auna musu da kwano. Ɗan Kawu na cikin masu lodin, ya ce da rani ya fi zaman banza, kuma ya fi tafiya ci-rani Legas. Inda kurmin yake yanzu gonar masara ce, mai kyau kuwa, don ƙasar ta sha ganye shekara da shekaru. Ba a gadinta, babu birin da zai ci.

Bayan an shafa fatiha, wani jikan Kawu ɗan shekara tara ko goma ya matso kusa da ni. An gaya masa gidana ba shi da nisa da gidan zu na Audu Bako.

"Baffa, da gaske akwai kura a can?"

Na ce akwai, har da zaki.

"In na zo hutu za ka kai ni? Ni a waya kawai nake ganinta."

Na ce ya bari sai da ƙaramar Salla, ya taho tare da babansa, amma su zo da wuri don ranar layin tikiti har bakin titi yake kaiwa.